Kafin Sikeli

A Talata Mafara, washegarin kasuwa,
na ɗora takarda bisa faifai a tsakar gidan Tumba.
Gobe mai gwangwan zai zo da sikelinsa,
kilo kaza, naira kaza, a loda a baro.
Na roƙi yini ɗaya.

Ƙyastu ta fara miƙo mini,
ɗan ƙarfe lanƙwasasshe kamar yatsan tsoho.
"Da wanga anka hura wutar aurena," in ji ta,
"tun ashana ba ta san hanyar garinga ba."
Na tsoma burushi a gwangwanin madara,
na duba akwatin fenti, babu launinsa.
Baƙi ya cika baƙi.
Sai da na gauraya shuɗi da ƙasa-ƙasa, na ƙara ruwa,
sannan ya yarda ya zauna.

Fitilar aci-bal-bal mai doguwar ƙafa,
har yau da danƙon man gyaɗa a leɓenta.
Awartakin ɗaukar garwashi, haƙori guda ya cinye.
Tasar tagulla da faci uku a gindi,
Arzika maƙeri ya liƙe ta
shekarar da rijiyar unguwa ta ƙafe.
Ban san Arzika ba.
Na dai ga inda gudumarsa ta goce, sau biyu, kusa da baki,
na zana gocewar yadda take.

Tsatsa ta fi ba ni wuya.
Ba ja ba ce, ba ruwan goro ba,
wani abu ne da damina hamsin suka tara.

Tumba ta leƙo ta kafaɗata.
"Ka wanke shi da yawa, yaro.
Kaskona bai taɓa haske hakanga ba."
Ta dangwalo baƙin dutsen murhu,
ta goga da babban yatsa
a takardar da ba ta gama shan iska ba.
Na buɗe baki, na rufe.
Kaskon ne ke kallona.

La'asar sakaliya, ruwan gwangwani ya koma toka.
Ƙarƙashin kowanne na rubuta suna da awo:
taƙi ɗaya da yatsu uku,
na Tumba, daga uwarta, daga wadda ba a tuna ba.

Da safe sikeli ya ce sha ɗaya.
Kuɗin ya sayi gero da maganin tari.
Ƙyastu bai hau ba,
yana ƙulle a haɓar zane.

Takarduna bakwai ba su kai nauyin albasa guda ba.
Ta huɗun, in ka kai hanci,
tana ƙaurin hayaƙi.