Shafi na Saba'in da Uku

Dubu ɗaya na saye shi a bakin Tashar Dukku,
na naɗe bangon da kalandar bara,
don matar da ke jikin hoton
ta ɗaura zani kamar ba ta son ya zauna.

Sati uku yana zaga Jekadafari,
bai kwana gida ɗaya sau biyu ba.
Ya dawo mini da tabon manja a gefe
da ƙamshin turaren wani ɗaki da ban sani ba.

Adda Nenne ce ta fara yanke hukunci
tana tsinke zogale a faranti:
"Shirme ne. Wane namiji zai bar shago a buɗe
ya bi mace har Dadin Kowa
don ta manta laimarta?
Namu, ko cajarsa kika taɓa sai an yi shari'a."
Ta ce shirme, ta sake cewa shirme,
sannan ta tambaya ko na biyun ya fito.

Rifkatu, nas ɗin da ke haya gidan Bappa Yero,
a aikin dare ta cinye shi, tsakanin allura da allura.
Ita dariya ya ba ta,
wurin da gado ya karye da amarya da ango
suka ƙarasa daren a tabarma, fanka na kallonsu.
"Marubuciyar ta san aure," in ji ta,
"amma zuciya in ta buga yadda ta rubuta,
gadon asibiti za a nema, ba na ɗaki ba."

Goggo Dudu ba ta yi boko ba.
Surukarta ke karanta mata bayan isha'i,
murya ƙasa-ƙasa, tana haɗa shafi biyu ta juya.
Goggo ta ɗaga carbi:
"Kin yi tsalle. Ɗazu suna falo,
yanzu ga shi yana neman hularsa.
Koma baya. Tara na haifa,
me za ki ɓoye mini?"

Malama Hajjo da yatsu biyu ta miƙo shi
cikin baƙar leda, ta ce wuta ce ta dace da shi.
"Daga saba'in da uku zuwa tamanin da ɗaya
babu albarka ko ta ƙwayar gero."
Na ce, Malama, ashe har kin ƙirga.
Ta gyara hijabi:
"Mai gyaran rufi sai ya san inda ke yoyo."

Shi kuwa maigidan, Hamma Jauro,
mai cewa littafin mata kashe fitila ne a banza,
rasit ɗin man babur ɗinsa na tsinta
a kwance, daidai shafin nan.
Ban ce komai ba.
Daren Alhamis sai ga shi da tsire da kankana,
ya tsaya a bakin ƙofa yana share murya,
ya ɗauko wata magana da ba tasa ba,
ya sa ta kamar rigar aro, baya a gaba.
Na yi dariya har na riƙe labule.
Ya yi fushi na minti ɗaya.

Suna tambayata nawa ra'ayin.
Nakan ce takardar ba ta da kyau, akwai kuren rubutu.
Jiya dai na aika wa kafinta
ya zo ya duba mini ƙafar gado.