Littafin Awo

Shekara tara ina yi wa Haladu ɗinki,
tun yana dako a Kantin Kwari,
dila guda a ka, yana tafe yana tsokanar masu baro.
Shafinsa na nan a littafin awona:
kafaɗa goma sha tara, damtse goma sha huɗu,
ƙugu talatin da biyu.
Na daina ɗora masa tef, yadi kawai yake aikowa.

Sai Sallar da riga ta dawo mini.
Ya ce, “Tasi'u, ta wani ka ba ni.”
Na rantse da awonsa na yanka.
Ya zura ta a gabana,
ta rataye kamar an saƙale ta a ƙusa.
Wuyansa na yawo a cikin wuyan riga.

Ya zauna kan bencina, ya yi ƙasa da murya.
Sau bakwai kafin asuba, in ji shi,
wani zubin da jini.
Buta ta fi matarsa sanin yadda yake kwana.
An ce basir ne, ya sha sassaƙen Kasuwar Kurmi
har harshensa ya rine.
Wata gwaggonsa ta ce hannu aka sa masa.
A Asibitin Malam aka leƙa cikin da na'ura,
aka ce hanji ne ke kumburi, yana yi wa kansa rauni,
ya lafa, ya tashi,
ba a korarsa, sai dai a lallaɓa.

Ran nan na rage kafaɗa, na rage hannu,
ƙyallen da na zubar ya isa a yi wa jariri hula.

Bayan damina ya sake zuwa,
fuska ta cika, kumatu sun taso.
Duk Fagge ana ta barka:
“Haladu, ka murmure, har da tumbi!”
Ya hau sikelin mai kemis a bakin titi,
allura ta koma inda take a da.
Ya biya naira ɗari yana dariya.

Ni ban yi dariya ba, tef ne a hannuna.
Ƙugu talatin da shida.
Damtse goma.
Sikeli jimla yake faɗa,
tef ne ke bi ɗaki-ɗaki ya ga wanda ya tashi.
Kitse ya tare a inda aka ba shi wuri,
tsoka kuwa ta kwashe kayanta ba sallama.
Likita ma haka ta gaya masa:
ƙwayar da ke kashe wutar cikin
ita ke cika fuska, tana sakar ƙashi a ɓoye
kamar gara a cikin azara.

Yanzu rasit yake rubutawa a shagon ubangidansa.
In an sauke dila sai ya kau da kai.
Ya bar yaji, ya bar tsiren Sabon Gari.
Ƙwai biyu, romon kifi, in aljihu ya yarda.
Da safe yana ɗaga galan biyu cike da yashi
a bayan ɗaki, kada yara su gani.

Ni ma na sauya hannu.
Shafinsa da fensir nake rubuta shi.
Ina barin inci biyu a cikin kalmasa,
ban san wane Haladun zai zo karɓa ba.

Jiya ya shigo, ya naɗe hannun riga da kansa.
Na zagaya tef.
Goma da rabi.
Ya ce, “Sake dai.”
Na sake, ban matse ba, ban sassauta ba.
Goma da rabi.
Ya tsaya a kaina har na goge na rubuta,
sannan ya tambayi kuɗin ɗinki.