Abin da Ƙaya Ta Ɓoye

A gangaren tudu, can Alentejo,
Idalina ta kafa turaku huɗu, ta zagaye su da igiya,
ta durƙusa, littafi a cinya.
Kakanta Custódio na tsaye, gatari a kafaɗa.

"Shekara hamsin ina tuɓe wa sobreiro riga," in ji shi,
"duk bayan tara, a tsakiyar zafi,
ɓawon ya tafi ya toshe bakin kwalabe a garuruwan da ban sani ba.
Ban taɓa ji wa ko ɗaya ciwo ba.
Me ke ƙasan nan da ƙafata ba ta taka ba?"

Ba ta ɗago ba. Ƙirga take.
Esteva mai danƙo a ganye,
farin furenta da ɗigo biyar kamar jini ya bushe.
Rosmaninho, wanda ƙudan zuma suka yi wa sammako.
Ciyawa iri bakwai, kowace da yadda take sunkuyawa,
da wata shuɗiya da ba ta kai farce ba.
Can bayan tudun, inda rana ke makara,
jiya ta iske wata unguwa daban:
gansakuka, medronho, ƙasa mai sanyi kamar gindin randa.
Tudu ɗaya, dangi biyu, ba sa ziyartar juna.

Talatin da ɗaya. Ta ajiye alƙalami.
"Kaka, manya na nan, jajayen ƙafafunsu a tuɓe.
Ina ƙananan?"

Ya duba gabas, ya duba yamma.
Tumaki sun yi wa filin aski tas,
garma ta gama da sauran.
Ya yi shiru har inuwa ta matsa.

Sai ya nufi kurmin tojo,
ƙayar da yake sara kowace shekara saboda tsoron gobara,
wadda ta yaga masa wando ya fi a ƙirga.
Ya buɗa ta da ƙotar gatari.
Ga shi nan, ganye huɗu, bai kai tsawon yatsa ba.
Wani tsuntsu ne ya binne ƙwayar don gobe, ya manta,
ƙaya ta hana bakin tunkiya isa.

"Rubuta," ya ce, "talatin da biyu.
Wannan ba zan ga rigarsa ba.
Ke ma sai kin yi furfura."

Ya saki ƙayar a hankali, ta koma ta rufe.
Jini na tsattsafowa a bayan hannunsa,
bai goge ba.