Iskar da Ba Ta Kaɗa Ganye

Shekara arba'in ina gyaran rediyo a Mai Wurno,
rumfata tana kallon Shuɗin Nilu,
dalma ta cinye mini fatar yatsu uku.
Amma akwai ranakun da gajeren zango ke ɗaukewa,
muryar Hausa ta nutse kamar tsakuwa a rijiya,
sai shuuu, tamkar ana suyar gyaɗa a bayan gari.

Jibo mai kwalekwale ya dawo da tasa har sau biyu,
ya ce na cuce shi.
Na buɗe cikinta, ko waya ɗaya ba ta tsinke ba.
Na mayar masa da kuɗinsa,
na haɗiye maganar da ruwan randa.

Bara Barira, jikata, ta dawo daga karatu,
ta zauna kan buhun dawa ta ce:
"Kaka, rana tana huci.
Tana feso wata iska da ba ta kaɗa ganye,
ba ta ɗaga mayafi,
kwana biyu ko uku tana tafe kafin ta iso.
Duniya na da garkuwar maganaɗisu,
amma in hucin ya yi yawa, sama ta hargitse,
muryoyin da kake jira su ɓata hanya."

Na ce, wa ya gani?
Ta ce an aika na'ura ta kutsa gefen wutar,
ta ɗanɗano ta aiko da labari;
wasu kuma na tsaye a hanya kamar 'yan gadi,
suna cewa ga ta nan, ku shirya.

Ni da na san iskar damina tun daga warinta!
Ashe akwai wadda hanci ba ya kamawa.

Ran Talata ta bugo waya:
"Jibi kada ka kwance rediyon kowa."
Alhamis na dafa gahawa da citta,
na jera rediyo biyar a kan benci,
na zauna.
Da la'asar sakaliya duk suka shaƙe tare,
bishiyar darbejiya ko motsi ba ta yi ba.

Na yi dariya har na zubar da finjali,
sannan na yi shiru.
Jibo ya shekara shida a ƙasa.
Da wa zan je in faɗa
cewa ba hannuna ba ne, rana ce?