Kamar Ɗan Yatsa

Mai gonar Hunkuyi dariya ya yi mini:
"Hajiya, 'ya'yan nake sayarwa.
Ganyen inabi ai rabon awaki ne,
ɗebi, ko buhu kike so."
Na tsinko masu taushi, na kan reshe,
faɗin tafin hannuna,
na ƙunso su a gefen gyale
har Gyallesu.

Shekara goma sha tara Baba Tanimu ya yi
yana kuku a gidan likitan Masar, can Samaru.
Ko ruwan shayi bai taɓa ɗora mana ba.
Girki aiki ne, in ji shi,
ba a kawo aiki gida.
Sai bana, da hannunsa ya fara rawa,
cokali na kaɗa baki a kwanonsa,
ya ce, "Lantana, akwai abin da nake marmari."

Yanzu ga shi kan kujera 'yar tsugune,
bakinsa ke girkin, hannuna ke bi.
"Tsoma a tafasasshen ruwa. Kirga bakwai.
In ya koma kalar kakin soja, tsame.
Cire ƙashin gindin. A hankali, ba kuka kike daka ba."

Ɗanyar shinkafa, an wanke ta sau uku,
niƙaƙƙen nama daga mahautan Tudun Wada,
albasa, tumatir, na'ana'a,
lemun tsami har sai ido ya kanne.
Man zaitun ya fi ƙarfin aljihuna,
na tsiyaya na gyaɗa,
ya kau da kai kamar bai gani ba.
Attarugu ɗaya kuwa, da ya tafi alwala na jefa.

"Bayan ganyen ya kalli sama, inda jijiyoyi suke.
Rabin cokali. Na ce rabi!
Shinkafa baƙuwa ce mai zuwa da kaya,
in ba ki bar mata wuri ba, bango za ta fasa.
Naɗo gindi, kawo dama, kawo hagu,
sai ki mirgina kamar tabarmar liman.
Kada ya wuce ɗan yatsa."

Na farko ya fito kamar ƙullin tsiya,
na biyu ya yage,
na tara ne ya sa ya yi shiru.
Shirun Baba shi ne yabonsa.

Autana Nuraini ya leƙo ya ce,
"Wai alalar Larabawa ce?"
Goggo Yalwa ta katanga ta ce,
duniya ta zo ƙarshe, ana yi wa shinkafa likkafani.

Na shimfiɗa dankali a gindin tukunya,
na jera su kafaɗa da kafaɗa, sahu bisa sahu,
na kifa faranti, na danne da ɗan dutsen niƙa.
Wuta kaɗan.
La'asar ta wuce mu a nan,
'yan makaranta suka taso,
ƙamshin tsami ya zaga ɗakuna
kamar mai neman wanda ya sani.

Da na buɗe, hamsin da ɗaya sun tsaya da rigarsu,
shida sun fashe.
Na zaɓo masu kyau na jera masa a farantin tangaran,
na kwashe fasassun a murfi, na ture gefe.

Ya daɗe yana kallon farantin.

"Kin san," ya ce, "dubu nawa na naɗa,
ban taɓa cin mai riga ba?
Masu kyau na teburi ne.
Fasasshe ke dawowa kicin, ya huce,
in ci a tsaye."

Na matsa masa farantin.
Hannun nan mai rawa ya tsallake shi,
ya jawo murfin.

Ya tauna. Ya lumshe ido.
"Kin sa attarugu.
Da Madam Samiha ce, yau kin bar aiki."

Ya lashe yatsa.
"Akwai sauran fasasshen?"