Basilla da Hatimi

Ranar Talata, a asibitin Kumo,
Baffa Manu ya kwashe wake ƙwaya bakwai
daga faranti zuwa kofi.
Na takwas ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin benci.
Ya bi shi da ido, ya ja tsaki:
"Hannun da ya shekara arba'in yana huda fata,
yau wake ke yi masa gardama."

Ni ce mai ƙirga waken.
Ni ke naɗe cokali da tsumma har ƙotarsa ta yi kauri
don yatsun da suka shanye su sami abin kamawa.
Sista Rifkatu ke tsara aiki, ta sa hannu,
ni in bi ta kunya-kunya
kamar mai shuka a bayan garmar shanu.

Amma takardata ba ta iso ba.
Na gama makaranta, na ci jarrabawa,
na biya a banki, rasit na cikin leda a ƙasan akwati,
hoto huɗu masu farin baya,
da littafin awannin aiki wanda ya cinye biro uku,
kowane shafi da sa hannun wanda ya tsaya a kaina.
Wata biyar ke nan.
In na buga waya, a ce mini ana kan aiki.
In Sista ta fita, ko sayen kati ne,
sai in harɗe hannu, ba na taɓa kafaɗar kowa.

Rannan na yi mita da ƙarfi, na manta akwai kunne.
Baffa ya ce, "Kin san mai jan hannu na bayan tasha?
Can aka fara kai ni.
Ya ja ni kamar mai ciro guga daga rijiya,
kafaɗa ta goce, na kwana uku ina cizon filo.
Na tambayi wa ya koya masa, ya ce gado ne.
Gadon wa, har yau ban sani ba."

Ya huta. Ya share yawu da hannunsa mai lafiya.

"Ni shekara tara na yi a gaban maigidana,
ina jima, ina yanka, ina share rumfa.
Bai bar ni da takalmin kowa ni kaɗai ba
sai ranar da ya tara dukawa,
ya juya ɗinkina ciki da waje,
ya ja da haƙori, bai tsinke ba.
Nan ya miƙo mini basillarsa, kowa na gani.
Tun shekara ta shida hannuna ya iya,
shi ma ya sani.
Ya yi ne don mai kawo takalmi
ya san ƙofar da zai buga in ɗinki ya ɓalle."

Ban ce komai ba. Na durƙusa na nemo waken.

Takardar ta zo bayan sati uku,
ambulan ɗin duk man ja a gefe ɗaya.
Dijatu Hammayo, ga lamba, ga hatimi
mai tudu, in ka shafa ka ji shi a yatsa.
Na ɗora yatsan Baffa a kai, na hagu, mai ciwon.
Ya ce, "Na ji. Kamar zanen layar doki."
Na karanta masa ƙasan shafin,
inda aka ce a sabunta duk shekara.

"Duk shekara?" Ya yi dariya da rabin baki.
"To, basilla ma ana wasa ta."

Sista na ofis, ƙofa a rufe.
Na turo faranti gabansa.
Ɗaya. Biyu.
A na tara ya tsaya, gumi a goshi,
ya ce gobe in zo masa da fata, ko guntuwa ce.