Baba a Kan Zaki

Shekara saba'in da ɗaya Baba Sedick
yana kallon dutsen nan daga ƙasa,
ta tagar jirgin safe, ta ƙofar rumfar kifi,
bai taɓa cewa bari in hau ba.
Hawan dutse, in ji shi, aikin wanda ya ƙoshi ne.

Ran Asabar na matsa masa.
Ya fito da takalminsa na zuwa Juma'a
da gorar shayi a cikin leda.

Hanyar tana zagaye dutsen
kamar ɓawon lemon da aka fere bai tsinke ba.
Masu gudu suna wuce mu da kunnuwa a toshe,
wata da karenta, wasu baƙi da sanduna bibbiyu.
Baba ya tsaya yana haki,
ya fake da kallon wata rema
da ta shanya cikinta a kan fā.
"Wannan ta fi mu hankali."

Ta ɓangaren yamma teku ne zalla
da farin yashin Camps Bay,
inda wani allo ya taɓa hana shi tsoma ƙafa.
Bai ce uffan ba. Ya dai gyara zaman hularsa.

Sai wurin sarƙoƙi.
Layi ya miƙe kamar na karɓar magani.
Hannun da ya shekara arba'in yana feɗe kifi
ya damƙi ƙarfen, ya ja, ya haye.
Ni da na kawo shi, ni gwiwata ta yi sanyi.
"Shanaaz, kar ki dubi ƙasa.
Dubi dugadugaina."
Rabon da ya faɗa mini haka
tun ina 'yar shida, a matakalar tashar Salt River.

A ƙololuwa ba masaka tsinke.
Kowa ya ba birnin baya, ya ɗaga waya, ya washe baki.
Cape Town a baje kamar kayan mai koli,
jiragen ruwa sun yi cirko-cirko a bakin tasha,
tsibirin fursuna can kwance,
gurasar da aka manta a cikin ruwa.
Gajimare na zubowa daga Dutsen Tebur
kamar madarar da ta tafaso mai ita na hira.

Na nuna masa filin ƙwallo. Na nuna masa otal-otal.
"Ina gidanmu?"
Na ce Mitchells Plain na bayan wancan dutsen,
ba a hango ta daga nan.
Ya ce, "To. Dama don haka aka kai ta can."

Ya daɗe yana lalube da ido
kafin yatsansa ya tsaya
a wani fili mai busasshiyar ciyawa,
wawulo a tsakiyar haƙoran birni.
"Ga shi. Ƙasa da masallacin nan da suka ƙyale.
Ƙofarmu koriya ce.
Ina ɗan sha bakwai katafila ta zo.
Kakarki Rugaya ta ce ba mai fita
sai ta share ɗakin tukuna.
Direban ya kashe inji, ya jira ta."

Ban taɓa jin wannan ba.
Shekara talatin da takwas ina cin abinci a gefensa.

Igwar sha biyu ta tashi a ƙarƙashinmu,
baƙin suka razana, tattabaru suka watse.
Baba ya duba agogonsa,
ya ce igwar ce ta makara.
Ya zuba shayi a murfin gorar,
ya sha rabi, ya miƙo mini.

Kafin mu sauka ya ce in ɗauke shi hoto.
Na juya shi wajen teku, inda kowa ke tsayawa.
Ya ƙi.
Ya koma ya tsaya da filin a bayansa,
ya haɗa ƙafafu, ya daina murmushi.

Hoton yana wayata.
Filin bai kai farcen ɗan yatsa ba,
sai an san inda za a duba.
Kwana uku gwiwarsa ta hana shi ruku'u,
kwana ukun yana zagin dutsen,
yana tambayata
ko da hanyar da ba ta bi ta sarƙoƙi.